Yadda masani yake binciken duwatsun samaniya da watannin wasu duniyoyi ta hanyar kumbo

Wani ɗalibi mai karatun kimiyya ya aiko da tambaya, ya ce ya ji labarin masanan da suka ƙare shekarun aikinsu suna binciken duwatsun da ke yawo a sararin samaniya da watannin da ke kewaya wasu duniyoyi, alhali babu ɗayansu da ya taɓa zuwa can. Yana son ya san yadda ake gudanar da irin wannan bincike, da yadda rayuwar mai yinsa take kasancewa, sannan ko ya dace matashi ya sa kansa a aikin da sakamakonsa yake daɗewa bai zo ba.

Ɗan'uwa, na ji daɗin wannan tambaya, domin yawancin mutane hotunan kawai suke gani a kafafen labarai, ba kasafai ake tambayar abin da aka sha kafin a same su ba. Kafin in shiga amsa, ya kamata mu daidaita kan kalmomi biyu. Idan na ce duwatsun samaniya, ina nufin abin da masana suke kira astiroid, wato dunƙulallun duwatsu ko ƙarafa da ke kewaya rana, mafi yawansu tsakanin falakin Mas da na Jupita, tun daga masu faɗin 'yan mitoci har zuwa Ceres mai faɗin kusan kilomita 940, wanda Giuseppe Piazzi ya gano ranar 1 ga Janairun 1801. Idan kuma na ce wata, ina nufin duk wani abu da yake kewaya wata duniya kamar yadda namu yake kewaya tamu. Jupita, wadda malaman falaki na da suke kira Mushtari, tana da watanni masu yawa, haka ma Satun da suke kira Zuhal.

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne da tafiyar kumbo ake auna lokacin wannan aiki, kuma tafiyar kumbo doguwa ce. Ɗauki kumbon Cassini da aka aika Satun. Tun a 1982 wasu masana daga Turai da Amurka suka fara gabatar da shawarar yinsa, ba a harba shi ba sai Oktoban 1997, bai isa ba sai Yulin 2004, kuma bai kammala ba sai ranar 15 ga Satumban 2017, lokacin da aka tura shi cikin iskar Satun ya ƙone. Shekara 35 ke nan daga shawara zuwa ƙarshe, wato kusan tsawon aikin mutum ɗaya daga ɗauka zuwa ritaya. Linda Spilker ta fara aiki a 1977 a kan kumbunan Voyager, sannan ta koma Cassini tun ana zana shi a takarda, ta kai har ta zama babbar masaniyar aikin a shekarunsa na ƙarshe. Labarin OSIRIS-REx ya fi wannan taɓa zuciya. Michael Drake na Jami'ar Arizona da abokin aikinsa Dante Lauretta sun gabatar wa NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, shawarar ɗebo samfuri daga wani dutsen samaniya a 2004, ba a karɓa ba. Suka sake gwadawa, aka sake zaɓar wasu. Sai a Mayun 2011 aka amince. Drake ya rasu a Satumban wannan shekarar, watanni kaɗan bayan samun labarin, Lauretta ya gaji jagorancin. Kumbon ya tashi a 2016, ya isa dutsen Bennu a ƙarshen 2018, ya taɓa shi na 'yan daƙiƙu ranar 20 ga Oktoban 2020, kuma samfurin mai nauyin giram 121.6 ya sauka a hamadar Utah ranar 24 ga Satumban 2023. Kusan shekara 20 aka yi ana hidimar abin da bai cika kofin shayi ba.

To mene ne kumbon yake yi idan ya isa? Kowa ya san kyamara, kuma tana da muhimmanci, domin daga hotuna ake gina siffar dutsen, ake ƙirga ramukan da karo ya bari a jikinsa, ake kuma kimanta shekarun fuskarsa, tunda wurin da ya fi daɗewa a fili shi ya fi tara ramuka. Akwai kuma na'urar da ke rarraba hasken da ya dawo daga jikin dutse zuwa launukansa, har da waɗanda ido ba ya gani, domin kowane ma'adini yana da launukan da yake shanyewa, kuma ta gurbin da ya bari ake gane shi. Sai dai a ganina manyan abubuwan da aka gano a wannan fanni, da yawansu ba daga hoto suka fito ba, daga awo na kaikaice suka fito, kuma a nan ne ƙwarewar masani take bayyana.

Ga misali na farko. Ba za a iya ɗora dutsen samaniya a kan sikeli ba, amma ana sanin nauyinsa. Kumbo yana aiko da siginar rediyo mai tsayayyen amo zuwa manyan faya-fayan eriya da ke Goldstone a Kalifoniya, da kusa da Madrid a Sifen, da kusa da Canberra a Ostiraliya, waɗanda aka warwatsa haka domin duk yadda duniya ta juya akwai wanda yake fuskantar kumbon. Idan kumbon ya gifta kusa da dutse, dutsen yakan ja shi, saurinsa ya sauya kaɗan, amon siginar ma ya sauya, kamar yadda ƙarar mota take canzawa a kunne tsakanin lokacin da take tunkarowa da lokacin da ta wuce. Ana iya auna sauyin da bai kai milimita ɗaya a daƙiƙa ba. Daga nan ake lissafa nauyi, daga hotuna a lissafa girma, idan aka raba ɗaya da ɗaya sai a san ko abin a cike yake ko akwai kogo a ciki. Lokacin da kumbon NEAR ya gifta dutsen Mathilde a Yunin 1997, lissafin ya nuna cewa dutsen, mai faɗin kusan kilomita 50, ya fi ruwa nauyi da ninki 1.3 kacal, alhali duwatsun da suka yi kama da shi cikin waɗanda suka faɗo duniya sun haura ninki biyu. Ma'anar haka ita ce kusan rabin cikinsa wofi ne. Wannan ya taimaka wajen bayyana yadda ya jure manyan karo da suka bar masa ramuka masu faɗin da ya kusa rabin jikinsa ba tare da ya tarwatse ba, domin abu mai sako-sako yana shanye duka, kamar buhun yashi. Daga baya kumbon Hayabusa na Japan ya isa ƙaramin dutsen Itokawa a 2005, ya tarar da shi tarin tsakuwa da manyan duwatsu ne da ƙarfin jan juna kaɗai ya riƙe.

Misali na biyu ya fi burge ni, kuma shi nake fara koya wa ɗalibai. Babu wanda ya taɓa ganin tekun da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Europa, ɗaya daga cikin manyan watannin Jupita, amma muna da hujja mai ƙarfi cewa yana nan. Jupita tana juyawa sau ɗaya cikin kusan sa'o'i 10, kuma maganaɗisunta a karkace yake da kusan digiri 10, saboda haka a wurin da Europa yake, maganaɗisun yana kaɗawa gefe da gefe a kai a kai. Idan akwai wani abu mai ɗaukar lantarki a cikin watan, wannan kaɗawa za ta tayar da lantarki a cikinsa, lantarkin kuma ya haifar da nasa maganaɗisun da ke juya fuska daidai da kaɗawar. Ƙanƙara ba ta ɗaukar lantarki sosai, busasshen dutse ma haka, amma ruwan gishiri yana ɗauka. Tawagar Margaret Kivelson, masu kula da na'urar awon maganaɗisu a kumbon Galileo, sun ga alamar a giftawar farko-farko, sai dai ba su gamsu ba, domin zai iya yiwuwa Europa yana da tsayayyen maganaɗisu nasa na kansa. Sun lissafa cewa idan ruwa ne, to a giftawar Janairun 2000, lokacin da kaɗawar za ta kasance a ɗaya gefen, dole a ga alamar ta juya. Aka je aka auna, ta juya. Irin wannan aiki, inda mutum zai faɗi abin da zai ƙaryata shi kafin ya duba, shi ne zuciyar sana'ar.

Irin haka ta sake faruwa a Satun. A farkon 2005 na'urar maganaɗisu ta Cassini ta nuna cewa wani abu yana lanƙwasa maganaɗisun Satun a kusa da Enceladus, ƙaramin wata mai faɗin kilomita 500 da ake ɗauka daskararre ne tun fil azal. Michele Dougherty, jagorar na'urar, ta shawo kan shugabannin aikin suka sauya hanya, aka saukar da giftawar Yuli zuwa ƙasa da kilomita 200 daga saman watan. Nan aka tarar da tsagogi masu ɗumi a ƙuryar kudancinsa, kuma kafin shekarar ta ƙare kyamara ta ɗauki tururin ruwa da ƙwayoyin ƙanƙara suna feshi zuwa sararin samaniya. Daga baya Cassini ya ratsa cikin feshin, ya ɗanɗana gishiri da sinadaran kabon da iskar haidurojin, abin da ke nuna cewa ruwan yana haɗuwa da dutse mai zafi a ƙasan tekun. Zafin da ke hana waɗannan tekuna daskarewa yana fitowa ne daga matsa da saki da babbar duniyar take yi wa watan yayin da yake matsowa yana nisanta a falakinsa. Stanton Peale da abokan aikinsa biyu sun wallafa lissafin cewa wannan zai narkar da cikin Io, wani watan Jupita, kwanaki kaɗan kafin Voyager 1 ya isa a Maris 1979, kuma kwanaki kaɗan bayan giftawar, Linda Morabito, injiniya mai kula da hanyar kumbon, ta hango hayaƙin dutse mai aman wuta a gefen hoton Io.

Wannan karon hasashe ya yi daidai, amma kada ka ɗauka haka aka saba. Abin da aka fi sabawa da shi shi ne a isa wuri a tarar da saɓanin abin da aka zata, kuma Bennu shi ne darasin da ya fi kowanne fitowa fili. Kafin a tafi, an auna yadda fuskarsa take ɗaukar zafi da rana ta kuma sake shi da dare, aka ga tana saurin zafi tana saurin sanyi, halin da aka sani na yashi da ƙananan tsakuwa. A kan haka aka ƙera kumbon, da zaton za a sami fili mai laushi mai faɗin mita 50 da za a sauka. Da aka isa sai aka tarar da manyan duwatsu ko'ina, wasu sun kai tsayin bene, babu fili ko ɗaya irin wanda aka tsara. Tawagar ta shafe fiye da shekara tana ƙirga duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ta sauya hanyar da kumbon zai ja kansa ta yadda zai riƙa gane alamomin ƙasa da kyamararsa, ta zaɓi wani ɗan wuri mai faɗin da bai wuce mita 16 ba a cikin wani rami. Sannan da hannun kumbon ya taɓa ƙasa, maimakon ya ji tauri, sai ya nutse kusan rabin mita, kuma ba don injinan ja da baya sun tashi ba, da ya ci gaba da shiga. Awon zafin da aka yi tun farko ba kuskure ba ne. Fassarar da aka yi masa ce ta kauce, domin duwatsun Bennu cike suke da ƙananan ƙofofi, shi ya sa suke saurin zafi da saurin sanyi kamar yashi. Yanzu duk awon da aka yi wa irin waɗannan duwatsu daga nesa sai an sake duba shi da wannan ido, kuma ba don an je ba, da har yau muna kan tsohuwar fahimta muna ganin mun sani.

Dole kuma in gaya maka cewa kumbo yana lalacewa, kuma masani yana rayuwa da wannan fargaba shekara da shekaru. An shirya harba Galileo a 1986, sai hatsarin kumbon 'yan sama jannati Challenger na Janairun shekarar ya dakatar da komai, aka jinkirta shi zuwa Oktoban 1989, aka kuma ba shi doguwar hanya ta kusa da duniyar Zahara sau ɗaya da duniyarmu sau biyu don ya sami ƙarfin isa Jupita. A 1991 babbar eriyarsa, wadda aka naɗe kamar laima, ta ƙi buɗewa, yawan bayanan da zai iya aikowa ya faɗi daga sama da bit (ƙaramin ma'aunin bayanan kwamfuta) 100,000 a daƙiƙa zuwa 'yan gomomi, sai da injiniyoyi suka sake rubuta manhajarsa daga nesa suka koya masa matse hotuna. Amma wannan doguwar hanyar ce ta bi da shi ta cikin yankin duwatsu, ya ɗauki hoton kusa na farko na wani astiroid, wato Gaspra, a Oktoban 1991, sannan Ida a Agustan 1993. Saboda jinkirin aiko da bayanai, sai a Fabrairun 1994 Ann Harch ta lura da wani ɗan ɗigo a gefen Ida, wanda ya zama wata na farko da aka tabbatar yana kewaya dutsen samaniya, aka sa masa suna Dactyl. Hayabusa kuwa ya sha wahalar da ta fi haka: na'urorin daidaita shi sun mutu, mansa ya yoye, an rasa jin ɗuriyarsa na makonni, ya dawo a makare da shekara uku a Yunin 2010, kuma da aka buɗe tukunyarsa kamar babu komai a ciki. Da madubin ƙara girma aka tsinto ƙwayoyi kusan 1,500, kuma su ne suka warware muhawarar shekaru, suka tabbatar da cewa duwatsun da suka fi faɗowa duniya daga irin su Itokawa suke, ƙwayoyin da rana take fesowa da ƙananan karo ne suka sauya launin fatarsu har aka kasa gane su daga nesa. Akwai kuma waɗanda ba su dawo da komai ba. Kumbon CONTOUR ya ɓace a Agustan 2002, makonni kaɗan bayan harba shi, da shekarun aikin mutane masu yawa a cikinsa.

Game da rayuwar yau da kullum, mafi yawanta a gaban kwamfuta take. Masani yana rubuta manhajar tace bayanai, yana gyara abin da na'ura ta ƙara ko ta rage daga gaskiya, yana rubuta takardun neman kuɗin bincike, yana zaman taro. Ni kaina na taɓa shafe watanni ina bin wata alama a awon haske da nake ganin ma'adini ce, daga ƙarshe ta tabbata cewa ɗumin na'urar ne ya haifar da ita. Watannin ba su tafi a banza ba, domin a cikinsu na san na'urar fiye da yadda takardunta suka bayyana ta. Akwai kuma ja-in-ja tsakanin abokan aiki, wanda mutanen waje ba sa gani. Cassini yana ɗauke da na'urori 12, kuma saboda rage kuɗi an kafe su a jikinsa, don haka idan ana son kyamara ta kalli wani wuri sai kumbon gaba ɗaya ya juya, abin da zai kawar da wata na'urar daga abin da take so. Giftawa ta 'yan mintoci ce, tawaga kuwa goma sha biyu, kowacce da hujjarta. Ana raba mintocin nan tun watanni ko shekaru kafin ranar, domin saƙo daga duniya zuwa Satun yana ɗaukar fiye da sa'a ɗaya, babu halin a ce kumbo ya waiwaya idan an ga wani abu. Wanda bai iya sauraron hujjar wani ba, ko bai iya bayyana tasa a taƙaice ba, zai sha wuya a wannan aiki komai kaifin basirarsa.

Me ya sa ake wannan wahala a kan ƙananan abubuwa? Dalili na farko shi ne tarihi. Duniyarmu ta narke, ta daskare, ruwa da iska da motsin ƙasa sun shafe labarin farkonta. Duwatsun samaniya kuwa ragowar kayan gini ne daga shekaru kusan biliyan 4.6 da suka wuce, kuma da yawansu ba su taɓa narkewa ba. A cikin giram 5.4 da Hayabusa2 ya kawo daga dutsen Ryugu a Disamban 2020 an sami ma'adinan da ruwa ne kaɗai yake samar da su, da sinadarin urasil, ɗaya daga cikin tubalan ƙwayoyin halittar masu rai. A samfurin Bennu an sami 14 daga cikin sinadaran amino 20 da jikin mai rai yake gina furotin da su, da gishirin da ya rage bayan ruwa ya ƙafe. Wannan ba ya nufin an sami rai a can, kuma duk wanda ya ce maka haka ya wuce abin da awo ya nuna. Abin da yake nufi shi ne waɗannan sinadarai suna samuwa a wurare da dama tun kafin duniya ta kammala haɗuwa. Kumbon Dawn kuma, wanda aka soke shi a 2006 aka dawo da shi cikin wata guda, ya kewaya dutsen Vesta daga 2011 zuwa 2012 sannan Ceres daga 2015, ya nuna cewa na farko ya narke ya rabu gida-gida kamar ƙaramar duniya, na biyu kuma yana da ƙanƙara da ruwan gishiri da ya ɓullo ya bar fararen tabo a ramin Occator.

Dalili na biyu shi ne tsaro. Dutsen da ya fashe a saman Chelyabinsk a Rasha ranar 15 ga Fabrairun 2013 bai wuce mita 20 ba, amma ya raunata mutane kusan 1,500, yawanci da gilashin tagogi. Ranar 26 ga Satumban 2022 kumbon DART ya yi karo da gangan da Dimorphos, ɗan watan dutsen Didymos, a gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa, ya rage kusan minti 32 daga lokacin kewayensa na sa'a 11 da minti 55, alhali daƙiƙa 73 aka sa a matsayin ma'aunin nasara. Abin da ya jawo wannan yawa shi ne tarkacen da ya fantsama, wanda ya tura dutsen baya kamar yadda bindiga take dukan kafaɗar mai harbi. Ka ga ke nan tambayar da ta yi kama da ta masu son sani kawai, wato ko dutse a cike yake ko tarin tsakuwa ne, ita ce take yanke yadda za a kauce masa idan ya nufo mu.

Sai tambayarka ta ƙarshe, ko ya dace ka shiga. Ra'ayina shi ne ya dace, amma da idonka a buɗe. Hanyar da aka saba ita ce digirin farko a fiziks ko ilimin duwatsu ko kemistiri ko lissafi, sannan digirin digirgir na shekara biyar ko shida a ƙarƙashin malamin da yake aiki da bayanan kumbo, sannan 'yan shekaru na aikin wucin gadi kafin a sami kujera ta dindindin, kuma kujerun ba su kai yawan masu nemansu ba. Shawarwarin kumbo da ake ƙi sun ninka waɗanda ake karɓa nesa ba kusa ba, kuma gwamnati tana iya yanke kuɗin aikin da ya riga ya yi nisa. Saboda haka kada ka ɗaura rayuwarka ga kumbo ɗaya ko dutse ɗaya. Ka ƙware a wata hanya ta awo, ko rarraba haske, ko lissafin falaki da nauyi, ko nazarin samfuri a ɗakin gwaje-gwaje, domin wanda ya iya fassara awon haske na Vesta zai iya na Europa, kuma tawagogi irin wannan mutum suke nema. Ka koyi rubuta manhaja tun yanzu, ka kuma koyi ƙididdiga da kyau, musamman yadda ake faɗin girman kuskuren da ke cikin kowane awo.

Wani abin ƙarfafa gwiwa shi ne ba sai kana cikin tawagar kumbo za ka taɓa bayanansa ba. NASA tana ajiye awon kumbunanta a wata taska da ke buɗe ga kowa a intanet, hukumar sararin samaniya ta Turai da ta Japan ma suna da irinta, kuma tsofaffin bayanai ba su ƙare ba. Sinadarin fosfet da aka sanar an samu a feshin Enceladus a 2023, daga awon Cassini aka ciro shi, shekara shida bayan kumbon ya ƙone. An kuma keɓe aƙalla kashi 70 cikin 100 na samfurin Bennu don masu bincike na gaba da na'urorin da ba a ƙirƙira ba tukuna.

Idan ka lissafa shekarunka, za ka ga lokacin ya yi maka daidai. Kumbon Psyche, ƙarƙashin jagorancin Lindy Elkins-Tanton, wanda ya tashi a Oktoban 2023, zai isa dutse mai yawan ƙarfe a 2029. Europa Clipper zai isa Jupita a 2030 ya gifta Europa kusan sau 50, JUICE na Turai zai biyo baya a 2031 da niyyar kewaya Ganymede, wani watan Jupita, Lucy zai ci gaba da ziyartar duwatsun da ke tafiya gaba da bayan Jupita a falakinta har 2033, kuma an tsara Dragonfly ya sauka a Titan, babban watan Satun, a 2034. Waɗanda suka zana waɗannan kumbuna da yawansu za su kusa ritaya a lokacin, kuma ɗaliban yau ne za su zauna kan bayanan. Kafin duk waɗannan su kankama, ranar 13 ga Afrilun 2029 dutsen Apophis, mai faɗin kusan mita 340, zai gifta duniya a nisan kusan kilomita 32,000, ƙasa da inda taurarin ɗan'adam na sadarwa suke, har a gan shi da ido daga Afirka da Turai da yammacin Asiya. An riga an tabbatar ba zai buge mu ba. Abin da masana suke jira shi ne su ga ko jan duniya zai girgiza fuskarsa, ya zamar da duwatsu, ya sauya yadda yake juyawa, kuma an karkatar da kumbon da ya ɗebo samfurin Bennu, da sabon suna OSIRIS-APEX ƙarƙashin Daniella DellaGiustina, domin ya bi shi bayan giftawar ya duba abin da ya sauya.